Ɗankwalin da Kika Ja Har Gira

Garwa, Laraba da hantsi

Zulai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah Ya sa takardar nan ta same ki a tsaye, Ya tsare ki a garin mutane, Ya ba ki lafiya, Ya kuma ba ki hankalin neman ta. Gaisuwar ke nan, kuma da zuciya ɗaya na yi ta. Yanzu ki gyara zama.

"Inna, wallahi ko kaina ne ya sara, ke za ki fara ji." Ke kika faɗa, ranar Asabar, a ajans, tashar mota, ƙafarki ɗaya tana cikin motar Marwa. Ban roƙe ki ba, ban ce ki rantse ba. Ke kika ga idona ya kawo ruwa, kika riƙe hannuna kika faɗa, har da ƙarin cewa, "Ai yanzu ni ma likita ce." Na yarda da ke, na koma gida ina murmushi kamar wata sakarya.

Yau da safe Goggonki Asabe ta kira ni daga unguwar Dugoy, can Marwa, tana magana ƙasa-ƙasa don kada ki ji.

"Malama, 'yarki fa ta canja ɗaurin ɗankwali."

Na ce, "Asabe, don ɗankwali kika kira ni ina shirin shiga aji?"

Ta ce, "Ki dai saurara. Jan sa take yi har gira, gefen hagu. Tun Lahadi take cewa goshinta na mata zafi kamar an ɗora garwashi, amma ba a ga komai ba. Jiya da ta cire don alwala na gani. Ƙuraje ne ƙanana masu ruwa, a jere, daga bakin gashi zuwa gira, gefe ɗaya tak. Na ce mu je asibiti, ta ce sai ta gama satin farko a wajen aiki."

Na kira ki, ba ki ɗauka ba. Na sake kira, sai ga saƙo: "Sa va, Inna, ina aiki." Sa va, wai lafiya lau! Shekara nawa ina koyar da Faransanci a garin nan, ban taɓa ganin kalma biyu da suka ɗauki ƙarya mai yawa haka ba. Na bar wa 'yan ajina aikin da za su yi, na zauna a ɗakin malamai ina rubuta miki wannan. Direban motar azahar zai kai ta hannun Goggonki, kuma na ce ta tsaya a kanki har ki karance ta. Tun da kin iya kashe waya, mu ga yadda za ki kashe takarda.

Kafin in ci gaba da faɗa, bari ki san daga inda faɗan yake fitowa. Tun kakan kakanki da ya biyo ayarin fatake daga Kano ya sauke kaya a bakin Binuwai, gidanku ba su san komai ba sai saniya. Su sayo ta, su kora ta, su sayar wa mahauta, su tsaya a ƙofar kwata suna jiran wani mai farar riga ya zo ya duba huhu da hanta, ya ce wannan a ci, wannan a binne. Yau mai farar rigar ke ce. 'Yar dillalin shanu ce take riƙe da hatimi a kwatar Marwa. Babanki, wanda bai taɓa yabon kowa a fili ba, ya ishi kasuwar shanu da zancenki. Shekaranjiya wani Bafillace ya kawo masa bijimi mai tari, sai na ji yana ba da labari a zaure: "Na ce masa, kai dai ka gode Allah ba Marwa za ka kai shi ba, da Dokta ta gama da kai." Dokta fa, ke nan. Ni kuwa ranar da kika karɓi takardar gama karatu a Ngaundere, na yi kukan da ban yi ba ko ranar aurena. Ban haifi abin da ya fi ki ba, kuma ba na jin kunyar rubuta haka. Shi ya sa raina ya ɓaci. Da wata shashasha ce, da na ce ba ta sani ba.

Amma kin sani. Kin san sunan abin da ke goshinki kamar yadda na sani. Zona ce. Ƙarambaun da kika yi kina aji ɗaya ne, wanda na shafe ki da farin magani kika zama kamar dodo. Ƙwayar cutar ba ta tafi ba, ta kwanta a jijiya tana jiran ranar da za ki gaji. Wata biyu kina zirga-zirgar takardun kama aiki, ba barci ba abincin kirki, ga ta nan ta farka. Kuma ke ce na ji da kunnena kina yi wa wani makiyayi tsawa a ƙofar gidanmu, kina ce masa, "Baffa, sai da ta kwanta kwana huɗu za ka kira ni? Magani ba ya tayar da abin da ya riga ya lalace." To Dokta, ga saniyar da ta fi kowace tsada a garkena, kuma mai ita ta ce sai ta gama satin farko.

Ba zan ba ki labarin gida ba, kowa lafiya. Labarin wautata zan ba ki. Kin san yawancinsa, kin ma sha yi min dariya a kai. Wannan karon ki karanta shi kamar darasi.

Na fara da ƙaramin. Lokacin da aka tura ni Bibemi, ina sabuwar malama, duk zazzaɓin da na yi sai ya bar min ƙuraje a leɓe. Mutane su ce zazzaɓin ne yake fita, a bar shi. Ni kuma ga ni a gaban yara tamanin ina koya musu yadda ake murɗa baki a furta Faransanci, kowa idonsa a kan leɓena. Babu abin da ban shafa ba. Man goge baki, toka, lemon tsami, har turare, wanda ya sa na yi tsalle a ɗaki ni kaɗai kamar mai bori. Da muka dawo Garwa aka ce akwai wani man shafawa a farmasi, asiklobir. Na jira sai da ƙurjin ya fito, ya tara ruwa, ya fashe, sannan na je na saya, don a ganina ba a sayen magani sai ciwo ya nuna kansa. Na shafa kwana uku, babu abin da ya canja. Na koma farmasin da kwalin a hannu, na ce wa matar da ke wurin sun sayar min da man kitso. Ta dube ni ta ce, "Madam, kin karanta takardar ciki?" Ni da nake karanta duk abin da ya faɗo hannuna, har jaridar da aka ƙunso ƙosai a ciki, ban buɗe ta ba. Na karanta a kan babur a hanyar gida, kuma ga shi nan a rubuce: a fara shafawa tun lokacin da aka ji alamar farko.

Alamar farko ita ce ɗan ƙaiƙayin nan, ɗan tsikarin da leɓe ke yi kafin ido ya ga komai. A lokacin ne ƙwayar take hayayyafa, kuma aikin maganin ke nan, hana ta haihuwa. Ba ya kashe wadda ta riga ta yi ɓarna, ba ya ɗinke fatar da ta tsage. In kin same ta da wuri, ƙurjin yakan fito ƙarami, ya bushe da kwana ɗaya ko biyu kafin lokacinsa, wani lokaci ma ya fasa fitowa. In kin makara, kin shafa ne kawai don ki ji kin yi wani abu. Tun ranar nake yawo da shi a jaka, kusa da makullin gida. Ke ma leɓenki irin nawa ne, na gani lokacin jarrabawarki ta ƙarshe. Ki ajiye naki, kada ki jira sai kin ga abin da za ki nuna wa mutane. Kuma in ya fito, ko jaririn wa aka miƙo miki a gidan suna, ki riƙe shi da hannu, ki ajiye bakinki. Abin da yake ƙaramin ƙurji a leɓenki yana iya kwantar da jariri a asibiti.

Da na ɗauki darasin nan na kai shi inda ya fi muhimmanci, da ban rubuta sauran takardar ba. Amma mutum yakan iya abu a leɓe ya manta shi a haƙarƙari.

Kina lise lokacin, wato sakandare, a watan azumi, cikin zafin nan na Garwa da ko ƙadangare ke neman inuwa. Na fara jin ƙuna a gefen hagu, daga gadon baya zuwa ƙarƙashin ƙirji. Na ce ko murɗewa ce. Bayan kwana biyu ƙuraje suka fito a jere kamar an ɗaura min rabin ɗamara. Na gane ta nan take, don na taɓa gani a littafi. Na gane ta, kuma na sa riga na rufe.

Kin san dalili? A shekarun nan, in aka ce wance ta yi zona, matan unguwa ba sa faɗa a fili. Kallon juna suke yi, ɗaya ta ce, "Allah Ya sawwaƙe," ɗayar ta ce, "Mijin nata ai matafiyi ne." Shi ke nan an gama da ke, an haɗa ki da ciwon zamani ko an auna jininki ko ba a auna ba. Babanki kuwa kullum yana hanya, yau Adumri gobe iyakar Cadi. Na ce ba zan zauna a bencin asibiti wata uwar ɗalibina ta gan ni ba. Da na nuna masa, ya duba ya ce min, "Munyal, Malama." Haƙuri. Mutumin nan ya zauna da Fulani har ya fi su iya kalmar. Shi da ya taɓa tafiya da ƙaya a ƙafa tun daga Pitowa don kada abokan tafiya su ce ya yi raki, shi na je tambaya ko in ga likita.

Sai maƙwabciyarmu Dada Jebba ta shigo, Allah Ya jiƙanta. Ta ɗaga rigata ta yi salati.

"Bingel am, yarinyata, wannan in ta zagaye ki kai ya haɗu da wutsiya, sai dai a sayo likkafani. Kawo tawada."

Ta ja layi ɗaya a kan ƙashin bayana, ta ja wani a tsakiyar ƙirjina, tana tofi. Ta ce ba za ta tsallake ba. Kuma ba ta tsallake ba! Na aika mata da goro da turmin atamfa, na riƙa ba da labarinta. Sai daga baya likita ya gaya min zona jijiya ɗaya take bi, jijiyar kuwa a tsakiyar jiki take ƙarewa, don haka kusan ba ta taɓa tsallakawa, da tawada ko babu. Tsohuwar nan ta yi shekara arba'in tana tsayar da abin da dama can a tsaye yake. Ban riƙe ta a zuciya ba, da gaskiyarta ta yi. Amma layinta ya ba ni kwanciyar hankali na kwana huɗu, kuma kwana huɗun nan su ne nake biya har yau.

A rana ta shida na kasa sa riga. Iskar fanka ma in ta taɓa wurin sai in yi ƙara. Likitan da na gani, wani dattijo ɗan kudu, ya tambaye ni yaushe suka fito. Da na faɗa, ya cire tabarau ya ajiye.

"Madam, me kike koyarwa?"

Na ce Faransanci.

Ya ce, "To ki fassara wa kanki wannan: kwana uku. Maganin zona ya fi amfani in an fara shi cikin kwana uku da fitowar ƙurajen. Zan ba ki, don har yanzu sababbi na fitowa, amma kin ba ta lokaci ta ci jijiyar."

Ki ji wannan da kyau, Zulai. Naki jiya Talata suka fito. Yau rana ta biyu. Satin farkon da kike son gamawa zai ƙare ne bayan ƙofar ta rufe.

Ban tsaya a nan ba, don wauta in ta samu mai ilimi ta fi daɗewa, tana da hujjoji. Ya ce in sha sau biyar a rana, a rarrabe, har sati guda, in sha ruwa da yawa saboda ƙoda. Ni kuma na ce azumina ba zai tafi a kan ƙuraje ba. Na zauna na yi dabara: ɗaya da buɗa-baki, ɗaya bayan isha'i, ɗaya bayan asham, biyu da sahur. Biyar ta cika, ko ba haka ba? Na bar ƙwayar cutar ta wuni tana hayayyafa tun alfijir har faɗuwar rana ba mai ce mata kanzil, ni kuma na wuni babu ɗigon ruwa a cikin zafin nan. Bayan kwana biyu ciwon bai ragu ba ko kaɗan, sai na yanke hukunci cewa maganin jabu ne, na tura kwalin ƙarƙashin katifa. Da na koma, likitan bai yi min faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo ya yi. Ya ce, "Ki tambayi limaminku, ni ba fannina ba ne." Na aika babanki ya tambaya. Liman ya ce a gaya wa Malama, Allah da Ya ba marar lafiya izinin shan azumi ya rama daga baya, Ya fi ta sanin darajar azumi.

Ga abin da na so a ce wani ya gaya min tun farko, don kada ki yi irin fushina ki jefar da magani. Yana fara aiki a jiki tun ranar da kika haɗiye shi, amma ba za ki ji ba. Ba maganin ciwo ba ne, na ciwo daban za a ba ki. Alamar farko da za ki gani, bayan kwana biyu ko uku, ita ce sababbin ƙuraje sun daina fitowa. Daga nan tsofaffin su fara bushewa, su yi ɓawo cikin sati ɗaya ko kwana goma, fatar kuma ta ɗauki wasu makonni kafin ta koma daidai. Zafin shi ne na ƙarshen tafiya. Saboda haka in kin sha yau, gobe kin tashi goshinki na ci kamar jiya, ba jabu ba ne, aikinsa yake yi inda ido ba ya gani. Ki shanye shi har ƙwaya ta ƙarshe ko da kin ga sauƙi, a kan lokacin da aka ce, ba lokacin da ya yi miki daɗi ba. Akwai wani ɗan'uwansa da ake sha sau uku kawai a rana, ki tambaya ko ana samu. Kuma na san kina azumin Litinin da Alhamis tun kina makaranta. Gobe Alhamis. Babu.

Ƙurajena sun warke, tabon ma da kyar ake gani. Amma kin san yadda nake ɗaura zane can ƙasa, kina ce min Inna ɗaurin 'yan kamun kifi. Kin san ba na kwanciya a gefen hagu. Fiye da shekara goma ke nan jijiyar tana tuna min. Wata rana shiru, wata rana ina tsakiyar darasi sai in ji kamar an soka min allura mai zafi, in juya ga allo in yi kamar ina neman alli har ta wuce. Ba zan ce da na je da wuri lallai da na tsira ba, likitan ma bai ce haka ba. Amma na so a ce na ba kaina damar.

Ni haƙarƙari ne, ana rayuwa da shi. Ke a goshi take, kuma jijiyar da ta bi ita ce take shiga ido. Wannan ba irin wadda ake cewa bari mu gani ba ce. Ki tashi yanzu ki ɗauki madubi. In akwai ko ƙurji ɗaya a gefen hancinki ko a kan tsininsa, in idon ya yi ja, in haske na damunki, in kina gani dishi-dishi, to ko sallar magariba ki yi ta a asibiti. In ma babu ko ɗaya, duk da haka yau za ki je, kuma ki ce a haɗa ki da likitan ido. Kada ki sa kwalli. Kada ki ɗiga wani maganin ido da ya rage a ɗakin Goggonki tun bara. Kada ki buɗe akwatin aikinki ki ce ai kin san awo, ke ba tunkiya ba ce. Aikin da muke taƙama da shi gaba ɗaya aikin ido ne. Da ido kike ganin ɗan ƙullutun da ke cikin huhu, wanda mahauci ya rantse da iyayensa babu shi. Wa zai ba mai ido ɗaya da rabi hatimi ya ce ta tsare cikin mutanen gari? Sannan matar ɗan Goggonki tana da ciki. Ki rufe wurin da bandeji mai tsabta, ki ware tawul ɗinki, kada ki matsa kusa da ita sai sun bushe, don in ba ta taɓa yin ƙarambau ba, daga gare ki za ta ɗauka.

Yanzu bari in faɗi abin da ba ki faɗa wa Goggonki ba, don ni na haife ki. Ba satin farko ne damuwarki ba. Mahauta ne. Yarinya ce ke, ba ki da aure, kin zo daga wani gari, kin tsaya a tsakiyar maza masu wuƙa kina ce musu wannan naman ba zai shiga kasuwa ba. Kin san suna neman inda za su kama ki. Kina tsoron in kin ɗauki hutu tun kwana uku da fara aiki su ce dama mace ce. Kina tsoron abin da ya fi wannan: su ga goshinki, su kalli juna, ɗaya ya ce Allah Ya sawwaƙe, 'yan makarantar nan ai ka san su. Tsoron da ya sa ni rufe riga shi ne ya sa ki jan ɗankwali. Na gane shi tun daga muryar Asabe.

To ki ji daga wadda ta gwada. Na ɓoye, kuma duk da haka sun yi maganar, don Dada Jebba ba ta iya riƙe labarin nasararta ba. Sun yi wata guda suna yi, sai 'yar wani ta gudu da direban tanka suka koma kanta. Su sun manta, ni ce ban manta ba, don ni ce ke kwana da jijiyar. In likita ya ce zai auna jininki, ki miƙa hannu ba tare da ɓata rai ba. Haka ake yi wa duk mai ƙuruciya da ta yi zona, ni ma an yi min. Sani ya fi, kowane iri ne, kuma babu sakamakon da zai sa ki daina zama 'yata. Mahauta kuwa na fi ki sanin su, dillalinsu na aura. Ba sa raina wanda ya yi ciwo, kowannensu akwai yatsan da ya rasa. Wanda suke rainawa shi ne wanda suka gano yana jin tsoronsu. Ki shiga wajen shef ɗinki, shugaban aikinku, kai tsaye ki ce, "Zona ce a kusa da ido, zan je asibiti, zan dawo ranar da likita ya ce." Ki faɗa da irin muryar da kike hana nama.

Wani ɓangaren laifin ma a gidan nan kika koya, ba sai an gaya min ba. Ni ce na tura ki jarrabawa da zazzaɓi, na ce 'yata ba ta kwanciya. Babanki na gefe yana munyal. Mun so ki yi tauri don mun san inda za ki ba a raga wa mace, kuma kin yi, har kin wuce inda muka nufa. Taurin nan shi ya kai ki inda kike, ba zan ce ki zubar da shi ba. Amma ki san inda ake amfani da shi. A kan mahaucin da ya turo miki cinya a leda don ki kau da kai, a nan ake tauri. Ƙwayar cuta ba ta san kina da jarumta ba, ba ta kuma jin kunyar kowa.

Ban gaya wa babanki ba tukuna. In na faɗa, ko dai ya ce haƙuri, ko ya kwashi 'yan kasuwar shanu mota guda su taho duba Dokta, kuma ban san wanne ya fi muni ba. Ni ma da na bi zuciyata, da ni ce a motar azahar ɗin nan maimakon takarda. Na zauna ne don ke ba yarinya ba ce, ma'aikaciyar gwamnati ce, kuma ina so ki shiga asibitin nan da ƙafarki, da girmanki.

Allah Ya ba ki lafiya, Zulaina. Ya tsare miki idonki, Ya kashe zafin, Ya sa kada ya bar miki abin da ya bar min. Ya tsare ki daga sharrin baki da sharrin wuƙa, Ya sa hannunki ya zama sanadin lafiyar mutanen Marwa, Ya dawo min da ke kina dariya. Ki gaishe da Goggonki, kuma kada ki kuskura ki yi mata fushi, aikin da kika yi alkawari ta yi miki.

Ina jira zuwa kiran sallar azahar na gobe Alhamis. Kafin ladan ya rufe baki, ina son hoto a wayata: takardar likita da kwalin maganin a tafin hannunki, an ɓalle ƙwayar farko. Ba saƙo ba, ba sa va ba. In babu, na riga na nemi izinin Juma'a a makaranta. Zan kwana a Marwa, kuma da sassafe, lokacin da kwata ta fi cika, za ki ɗaga kai daga kan hanta ki gan ni a ƙofa da jakata. Zan gaida Sarkin Pawa da kyau, in nemi shef ɗinki in roƙa miki hutu da Faransancin da ba a taɓa yi masa irinsa ba, sannan in kama ki a wuyan hannu a gaban kowa, in fita da ke kamar 'yar aji ɗaya. Za ki yi shekara kina gyara abin da zan ɓata miki a minti biyar, kuma zan yi baƙin cikin haka fiye da ke. Amma zan yi, don na gwammace ki harare ni da ido biyu.

Innarki